BABI NA HUƊU: TARKEN FAIFAN MAMMAN SANI NA 1978 DA SAKE FITAR DA SHI A 2013

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin matsayin take a kiɗan Hausa, inda aka ɗauki ƙasar Gaya, musamman garin Gafasa da ke ƙaramar hukumar Ajingi, a matsayin farfajiyar misali. A wannan babi kuwa za a ɗauki wancan ma'auni a auna wani kiɗa da bai fito daga ƙasar Kano ba, wato kiɗan Mamman Sani Abdullahi na Jamhuriyar Nijar, wanda a rubutun Faransanci ake rubuta sunansa Mamman Sani Abdoulaye. An ɗauki wannan kiɗa a kaset a birnin Yamai a shekarar 1978, sannan wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake fitar da shi a faifai a shekarar 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger, ma'ana kiɗan lantarki na Nijar.

Dalilin zaɓen wannan faifai shi ne babu waƙa a cikinsa. Kiɗa ne zalla daga farko har ƙarshe. Saboda haka ya dace a gwada shi da take, tun da shi ma take kiɗa ne da ke isar da magana ba tare da an buɗe baki ba. Haka kuma labarin yadda faifan ya ɓace da yadda aka ce an gano shi ya tayar da wata tambaya da ta shafi dukkan kiɗe-kiɗen da ke jibge a gidajen rediyon ƙasar Hausa, wato idan aka ce an gano wani kiɗa, a wurin wa ya ɓace tun farko?

4.1 Salsalar Faifan

An haifi Mamman Sani a ƙasar Gana, amma a Nijar ya yi rayuwarsa da aikinsa. Ba ɗan gadon kiɗa ba ne irin makaɗan da aka saba nazarta a wannan sashe. Ɗan boko ne, ma'aikaci, wanda ya yi aiki da hukumar UNESCO, kuma aikin ya ba shi damar fita ƙasashen waje. A wajen wani taro na wannan hukuma ne ya ga wani wakili daga ƙasar Ruwanda da ogan na lantarki ƙirar kamfanin Orla na Italiya, ya saya daga hannunsa a shekarar 1974. Ogan kayan kiɗa ne mai madannai farare da baƙaƙe, irin wanda Hausawa suka fi sani da sunan fiyano, sai dai shi sautinsa ba ya yankewa muddin yatsa na kan madanni.

Shekarar da ogan ɗin ya shigo hannunsa ita ce shekarar da Seyni Kunce ya karɓi mulkin Nijar, bayan farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a yankin Sahel. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta ba ƙungiyoyin samariya da wasannin gargajiya muhimmanci ƙwarai, domin tana son ta haɗa Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Barebari su ji cewa su 'yan ƙasa ɗaya ne. A cikin wannan yanayi ne Mamman Sani ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa a 1978. An ɗauki kiɗan ne hawa biyu, wato ya kaɗa kashi na farko aka naɗa, sannan ya sake kaɗa wani kashin aka ɗora a kan na farkon. Da haɗin gwiwar ma'aikatar al'adu aka yi niyyar fitar da shi cikin jerin kaset-kaset na kiɗan zamani na Nijar, amma shirin bai yi nisa ba, kofi kaɗan ne kawai suka fita.

To amma rashin kaset a kasuwa bai hana kiɗan shiga kunnen jama'a ba. Gidan rediyo da na talabijin na Nijar sun shafe shekaru fiye da 30 suna amfani da kiɗe-kiɗensa wajen cike gibi tsakanin shiri da shiri, ko a ƙarƙashin muryar mai sanarwa. Ke nan mutane sun tashi da shi a kunne, sun haddace shi, amma da yawansu ba su taɓa jin an ambaci sunan mai shi ba. Wannan batu shi ne ginshiƙin duk abin da za a faɗa a gaba.

Christopher Kirkley, wanda ya kafa Sahel Sounds a birnin Fotlan na jihar Oregon, ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiyar kiɗe-kiɗe a Yamai, ya nemi mai shi, ya same shi a garin, suka daidaita. Faifan ya fito da kiɗe-kiɗe shida: Lamru da Salamatu da Kobon Lerai da Lidda da Bodo da Tunan. Bayan fitowarsa Mamman Sani ya samu zuwa Turai ya yi wasa a gaban 'yan kallo, kamfanin kuma ya ƙara fitar da wasu faya-fayai biyu daga tsofaffin naɗe-naɗensa, wato Taaritt a 2014 da Unreleased Tapes 1981-1984 a 2015.

4.2 Matsalar Nazarin Kiɗan da Ba Waƙa

Hanyar da aka fi bi wajen nazarin waƙar baka a jami'o'in ƙasar nan, wadda Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ta dogara ne a kan kalmomi. Ana neman turke, a warware shi, a fito da tubalan gininsa, sannan a dubi salo da sarrafa harshe. Idan aka zo ga faifan Mamman Sani sai a tarar babu ɗan waƙa ko ɗaya da za a rubuta a takarda, balle a tsamo kamantawa ko siffantawa daga cikinsa. Wanda ya tsaya a nan zai iya yanke hukuncin cewa faifan ba shi da abin nazari.

Sai dai kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar kiɗa a matsayin abin da ba ya magana ba. Ames da King, a ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa da aka buga a 1971, sun kawo take cikin kalmomin da makaɗa ke amfani da su, kuma duk wanda ya zauna a karkara ya san aikinsa. A wajen gayya mai gangar noma yakan kaɗa taken wani saurayi, saurayin ya ji ya zabura ya wuce sa'o'insa a kunya, alhali ba a furta sunansa da baki ba. Kalangu yana kiran mahauci da ɗan dambe, dundufa tana kiran maƙeri, tambari da kakaki suna faɗin sarki. A fagen bori ma kowane iska yana da nasa taken a garaya ko goge. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu yana iya bin hawa da saukar murya idan makaɗi ya matse tsarkiya ko ya sassauta. Mai sauraro yana jin kalmomin a zuciyarsa domin ya riga ya san su.

Da wannan za a fahimci cewa da za a kunna wa dattijo a Gafasa wannan faifai, da wuya ya tambayi irin na'urar da aka yi amfani da ita. Tambayar da ta fi kusa da bakinsa ita ce, taken wane ne wannan? Wannan nazari na ganin tambayar ta fi dacewa da faifan fiye da yawancin abin da aka rubuta a kansa a Turai da Amurka, domin mafi yawan kiɗe-kiɗen da ke ciki ba Mamman Sani ne ya ƙaga karinsu ba. Waƙoƙin gargajiya ne na Nijar ya ɗora wa ogan. Daga ciki akwai masu tushe a kiɗan tande na Buzaye, wanda mata ke yi da turmi da aka rufe bakinsa da fata, akwai kuma masu tushe a waƙoƙin taron Fulanin Bororo da na makiyaya. Wanda ya san waƙar asali, in ya ji ogan ya bi karinta, kalmomin za su zo masa da kansu kamar yadda suke zuwa wa saurayin gayya. Wanda bai san ta ba kuwa sai ya ji fili kawai, ya ce hamada ce.

A nan ne za a lura da wani abu game da aikin da gidan rediyo ya ba kiɗan. Kiɗan da ake sawa kullum kafin wani shiri yakan zama alamar shirin, har ma Hausawa suna cewa taken shiri, kamar yadda suke cewa taken ƙasa. Ke nan kiɗan Mamman Sani ya zama take sau biyu: da farko yana ɗauke da kalmomin waƙar da aka ɗauko shi daga gare ta, daga baya kuma ya koma yana kiran lokaci da tashar da ake saurare. Bambancinsa da taken gargajiya shi ne a dandali kowa yana ganin makaɗi, ana yi masa kari, a rediyo kuwa ba a ganin kowa.

4.3 Zubi da Salon Kiɗan

Zubin kiɗe-kiɗen faifan kusan iri ɗaya ne. Akwai bugun ganga na na'ura da ke cikin ogan ɗin kansa, wanda ke tafiya a kan gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. A kansa akwai sauti mai kauri da ke riƙe ƙasa, sannan akwai siririn sauti da ke ɗauke da karin waƙar. Karin gajere ne, ana maimaita shi sau da yawa, ana ɗan sauya masa kai ko wutsiya. Tafiyar a hankali take, babu gaggawa, kuma akwai wurare da dama da aka bar sarari ba a cusa komai ba.

Masu sharhi na waje sun danganta wannan maimaici da wani salon kiɗan Turawa na taƙaita kayan aiki. Ba laifi ba ne a yi wannan kwatanci, amma ba sai an je da nisa haka ba. Maimaita gajeren kari shi ne ƙashin bayan kiɗan Hausa da na maƙwabtansu. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, kuma a kan ɗan gajeren bugu yake gina waƙa sukutum. Gindin waƙar Mamman Shata 'yan amshi kan maimaita shi sau da dama ba tare da mai sauraro ya gaji ba, domin jagora yana saƙa sabon zance a tsakani. Idan aka saurari faifan Mamman Sani da wannan kunne, za a ji ɗaukar da aka yi hawa biyu ta ba shi damar zama jagora kuma ɗan amshin kansa. Wani layin sauti yana bayarwa, wani yana karɓa. Wannan ita ce babbar dabarar faifan, kuma ita ce ta sa mutum ɗaya a ɗaki ɗaya yake jin kamar ƙungiya.

Wani wurin da ogan ya yi wa kiɗan rana shi ne wajen jan sauti. Mai busa algaita yakan cika kumatunsa da iska yana shaƙa ta hanci, don haka busarsa ba ta yankewa. Su ma Bororo a waƙar taro sukan ja murya ɗaya mai tsawo, kafin wani ya sauke wani ya ɗauka, ta yadda sautin ba ya faɗuwa ƙasa. Molo ko gurmi ba za su iya kwaikwayon wannan ba, domin da an taɓa tsirkiya sautin yake fara mutuwa. Ogan kuwa yana riƙe sauti iyakar yadda yatsa ya zauna. A iya cewa cikin duk kayan kiɗan Turawa da za su iya faɗowa hannun ɗan Nijar a 1974, da wuya a sami wanda ya fi wannan dacewa da waƙoƙin makiyaya. Wannan jan sauti mai kaɗawa a hankali shi ne kuma abin da ke sa mai sauraro jin kamar yana tsakanin barci da farke, wanda Turawa suka ji suka kira shi da sunayen da za a tattauna a gaba.

Salamatu ya bambanta da sauran domin Mamman Sani ne ya ƙaga shi da kansa, kuma bayanin da ya biyo faifan ya nuna cewa saƙon soyayya ne ga wadda ba ta amsa ba. A ma'aunin wannan nazari shi ne kiɗan da ya fi kusa da take na ainihi a duk faifan, tun da an yi shi ne don mutum ɗaya, an kuma laƙaba masa sunanta. Makaɗan 'yan mata a dandali sun daɗe suna yin haka da kalangu. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne rashin kalmomin. Da mawaƙin soyayya irin Haruna Uji ne, da ya zayyana kyawunta da halinta da abin da ta yi masa, har mai sauraro ya san ta. A nan kuwa suna kaɗai aka bayar, sauran zancen an bar wa kari mai saukowa a hankali yana komawa inda ya faro. Kunya ce irin ta ɗan boko na wancan zamani, wanda ba zai tsaya a dandali ya rera wa budurwa waƙa ba, amma zai iya sa gidan rediyon ƙasa ya riƙa kiran sunanta shekara da shekaru ba tare da kowa ya gane ba.

Duk da haka faifan yana da rauni, kuma raunin daga na'urar yake. Gangar da ke cikin irin wannan ogan an tsara ta ne don raye-rayen Turai da na Latin Amurka, kuma ba ta sauraron kowa. Mai kalangu yana kallon ƙafar mai rawa, in ta yi sauri ya bi ta, in ta tsaya ya yanke, in wani babba ya shigo fage ya juya kiɗa ya gaishe shi. Mata masu tande suna tafi suna guɗa, kiɗan yana zafi yana sanyi gwargwadon yadda taro ya ɗauka. Gangar ogan ba ta san da wannan ba. Yadda ta fara haka za ta ƙare. Saboda haka kiɗe-kiɗen da asalinsu na rawa ne sun rasa zafinsu a faifan, sun koma abin saurare a zaune. Wanda ya saurari shidan a jere zai iya jin sun fara kama da juna tun kafin ya kai na ƙarshe.

Rauni na biyu ya shafi madannai. An daidaita su ne bisa ma'aunin sautin Turawa, kowane madanni da sautinsa tsayayye, babu hanyar zamewa daga wannan zuwa wancan. Mai goge ko kukuma yana jan yatsa a kan izga ya bi lanƙwasar murya, kuma a cikin wannan lanƙwasa ne yawancin maganar take. Ogan yana taka karin waƙa ne kamar mai hawa matakala, alhali murya gangarowa take kamar ruwa. Ke nan takensa yana magana, amma da ɗan tsamin baki irin na baƙon da ya iya harshe. Ba a faɗi wannan don rage darajar Mamman Sani ba. Hasali ma gwanintarsa tana bayyana ne a yadda ya zaɓi waƙoƙin da za su jure wannan matsi, ya kuma rage gudu domin kunne ya cike abin da madanni ya kasa.

Yana da kyau a tuna cewa wannan gwaji ya riga na Kano da kusan shekara 20. Sai a tsakiyar shekarun 1990 ne fiyano ƙirar Yamaha ta zauna da gindinta a ɗakunan kiɗa na birnin Kano, kuma fim ɗin Sangaya na 1999 ne ya nuna wa kowa cewa za a iya sa ta ta kwaikwayi kayan kiɗan gargajiya har jama'a su karɓa. Matsalolin da makaɗan finafinai suka fuskanta, na gangar da ba ta jin mai rawa da madannin da ba ya lanƙwasa, su ne Mamman Sani ya riga ya yi karo da su shi kaɗai. Su sun rufe gibin da muryar mawaƙa. Shi bai yi haka ba.

4.4 Sake Fitarwa da Sunayen da Aka Laƙaba

Faifan bai fito shi kaɗai ba. A 'yan shekarun nan da ake magana wasu ƙananan kamfanoni na Turai da Amurka sun duƙufa wajen tono tsofaffin kiɗe-kiɗen Afirka da aka yi da na'urorin lantarki. A 2012 an fitar da tarin kiɗan Francis Bebey na Kamaru a Faransa. A 2013, shekarar faifan Mamman Sani, kamfanin Luaka Bop ya fitar da tarin waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, kamfanin Awesome Tapes From Africa kuma ya sake fitar da kaset ɗin Hailu Mergia na Habasha na 1985, wanda shi ma mutum ɗaya ne da na'urorinsa yana bin tsofaffin karin ƙasarsu. Kalmar da ta fi yawo a tallan irin waɗannan faya-fayai ita ce saikedelik. A fagen kiɗa, sunan wani salo ne na matasan Amurka da Ingila na ƙarshen shekarun 1960, wanda ake so ya sa mai sauraro jin kamar hankalinsa ya bar jikinsa, kuma yana da alaƙa da shaye-shayen da suka yi tashe a lokacin. Tarin Onyeabor ya fito ne a cikin jerin faya-fayai masu ɗauke da wannan kalma a sunansu, haka ma tarin Bebey na biyu da ya fito a 2014.

Akwai mawaƙan Nijar da wannan suna ya dace da su, alal misali ƙungiyar Azna de l'Ader ta Tawa, wadda jagoranta Mona ya ɗauki salon jita irin na Jimi Hendrix da gangan, kuma Sahel Sounds ta fitar musu da faifai mai suna Zabaya. Amma Mamman Sani ba daga wannan rijiya ya sha ba. Abin da ke ɗauke hankali a kiɗansa ya samo asali ne daga maimaici da jan murya na makiyaya, abubuwan da suka girmi lantarki. Idan har ana neman misalin kiɗan da ke fitar da mutum daga hayyacinsa, garayar bori ta isa misali, kuma ba ta jira wani ya zo daga waje ya raɗa mata suna ba. Laƙabin waje yana taimaka wa mai saye a Landan ko Balin ya san a wane layi na kanti zai sami faifan. Illarsa ita ce yana sa a ɗauka cewa ƙimar kiɗan tana cikin kamarsa da wani abu na Turai.

Haka nan kalmar ganowa tana buƙatar a yi mata tankaɗe. A Ingila akwai misalin Vashti Bunyan, wadda faifanta Just Another Diamond Day ya fito a 1970 bai sami kasuwa ba, ta bar waƙa gaba ɗaya, sai da aka sake fitar da shi a 2000 sannan duniya ta saurare shi. Wannan ɓata ne na gaskiya, domin kusan babu wanda ke jin waƙoƙin a tsawon shekara 30. Lamarin Mamman Sani akasin haka ne. Kiɗansa bai taɓa barin iska ba. Abin da ya ɓace shi ne kaset ɗin a matsayin aiki guda mai farko da ƙarshe, da kuma sunan da ya kamata ya bi kiɗan. Waɗannan biyun su ne sake fitarwar ta dawo da su, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Kiɗan da ake yanka gutsure-gutsure ana cike gibi da shi ya koma abin da ake zama a saurara don kansa, mutumin da ya yi shi kuma ya ji tafi yana da rai. Sahel Sounds ta bayyana cewa tsarinta shi ne raba riba biyu tsakaninta da mai kiɗa, wanda ya fi abin da makaɗan gargajiya da yawa suka samu daga masu kwafar kaset a kasuwanninmu.

Sai dai rabon bai kai ga kowa ba. Sunan mutum ɗaya ne a bangon faifan, alhali karin waƙoƙin na matan da ke buga tande ne da makiyayan da ke rera su a rugage, kuma babu wata hanya a tsarin haƙƙin mallaka na zamani da za ta kai musu ko sisi. Sannan siffar da aka zaɓa, wato faifan garmaho, ta nuna wa ake nufi da shi. A garuruwa irin su Gafasa garmaho ya daɗe da zama labari, kaset ma ya bi bayansa, yanzu a waya ake jin kiɗa, a wurin masu caji da tura waƙoƙi ake samunsa. Gaskiya ne an sa faifan a intanet, kuma mai waya zai iya kaiwa gare shi, amma bayanin da ke tare da shi da Turanci yake, sunansa kuma da Faransanci. Babu Hausa, babu Zabarmanci, babu Fulatanci ko Buzanci, wato harsunan mutanen da za su iya faɗin kalmomin da ke ƙarƙashin kowane kari. Da an nemi irin waɗannan mutane an rubuta waƙoƙin asali a jikin faifan, da mai saye na waje ma ya ƙaru, da kuma ɗalibin da ke son bin hanyar Gusau ya sami turken da zai kama.

Wannan batu bai tsaya a Nijar ba. A shekarar 2013 ɗin dai Sahel Sounds ta fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa na Kano, ciki har da muryar Fati Nijar, aka tallata shi a matsayin kiɗan da ya sha daga finafinan Indiya. Waƙoƙi ne da a lokacin kowane mai shayi da ɗan acaɓa ya san su, amma a can sabon abu ne. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da Gidan Rediyon Kano sun shafe shekaru suna naɗar makaɗa, manya da ƙanana, na fada da na noma da na sana'a, har da masu kayan zamani irin su Bala Miller. Da yawa daga waɗannan kiɗe-kiɗe su ma sun zama taken shirye-shirye, jama'a sun haddace su ba su san masu su ba. Zaren kaset kuwa ba ya son zafi da ƙura da damshi, kuma na'urorin da ke juya shi ƙarewa suke yi. Kaset ɗin Mamman Sani ya yi shekara 35 kafin a juye shi, kuma an yi sa'a mai shi yana nan ya faɗi sunan kowane kiɗa da inda ya samo shi. Makaɗan gangar noma da aka naɗa a shekarun 1970 yawancinsu ba su da wannan dama, sai dai a nemi 'ya'yansu da tsofaffin manoman da aka kaɗa wa taken, a kunna musu, a rubuta abin da suka ce gangar tana faɗi.